Kurfai Ƙasa Ce, Ba Tambaya Ba

Ɗiyata, na karanta takardar da za ki miƙa wa malamanki a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, mai taken "Matsalolin noma da kiwo a ƙasar Kurfai". Raina ya yi fari da kika tuna gida. Sai dai abin da kika rubuta sunan wuri ne, tambayar ba ta fito ba tukuna. Noma wane? Kiwon wa? Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle ƙasa guda da gonakinta da garkunanta.

Dubi Tukunus, kilomita 20 arewa da Filinge. Tun 1954 tashar kiwon nan take bin abu ɗaya: yadda za a zaɓi shanun Azawak domin su ƙara nono da nama a ƙasa mai ƙarancin ruwan sama. Saboda an san abin da ake nema, an san abin da za a rubuta: ranar haihuwar maraƙi, uwarsa da ubansa, nauyinsa, da nonon da aka tatsa. Shi ya sa ɗaliban aikin dabbobi suke komawa ga waɗannan rajistoci har yau. Da a ce "kiwo a Sahel" suka sa a gaba, da babu abin da za a gada.

A fagen tarihi ma haka ne. Iskokin Hauka, waɗanda ake ce wa Babule, sun bayyana wajen Cikal a 1925. Jean Rouch ya ɗauki masu wannan bori a fim can Akara, duniya ta kalla tana mamaki. Amma a 1975 Finn Fuglestad ya matse abin: me ya sa a Kurfai, kuma me ya sa a lokacin? Wannan tambaya ce ta kai shi ga sarautar da Faransawa suka ɗaure wa gindi da kuma talakawan da suka ƙi miƙa wuya. Kina iya ƙin yarda da amsarsa, kuma a ganina nan darajar aikin take, domin ya faɗi magana da za a iya gwadawa.

To, ke ma matse taki. Cikin Dallol Boso ruwa na kusa da ƙasa, noman rani na ta faɗaɗa. Kin san dankalin Bankuku. Sai ki tambaya: a ƙauyuka biyu ko uku, lambunan rani sun ci burtali da mashayar dabbobi? Tun yaushe? In rikici ya tashi, wa ke raba gardama, mai gari ko hukumar filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada? Kada ki shiga da amsa a aljihu. Mai yiwuwa ki tarar burtalin na nan daram, matsalar tana wani wuri, kuma wannan ma sakamako ne.

Sannan ki raba matsala da manufa. Matsala ita ce abin da ba a sani ba. Manufa kuwa ita ce abin da saninsa zai gyara, da wanda zai amfana: magajin gari, ko ƙungiyar matan lambu, ko makiyayin da ke gangarowa bayan girbi. "Domin ci gaban ƙasa" ba manufa ba ce, kowa haka yake rubutawa.

Akwai kuma maganar tsaro, ina faɗa miki a matsayin uba. Wasu hanyoyin arewa, wajen Abala, ba sa biyuwa yadda muka saba. Zaɓi ƙauyukan da za ki iya zuwa ki koma sau da yawa, da kuɗin da ke hannunki da watannin da aka ba ki.

Kafin ki ga malamin naki, rubuta tambayar a jimla ɗaya da Hausa, ki karanta wa gwaggonki mai lambu. In ta ce "wane burtalin kike nufi?", rubuta sunansa a takardar.