Wanda Ya Amsa Laifi Yana da Ikon Kuka da Nauyin Hukunci

Jama'ar Burumburum da kewaye, daga Kiru da Bebeji har Doguwa, akwai wata magana da ta zauna a bakin mutane: wai idan mutum ya ce wa alƙali "na aikata", to bakin alƙalami ya bushe, sai dangi su shiga kai masa garin kwaki da sabulu gidan yari. Wannan kuskure ne, kuma ya jawo wa talakawa zaman da doka ba ta ɗora musu ba.

Ku lura, abu biyu alƙali ke yi. Da farko ya tabbatar da laifi, sannan ya auna hukunci. Wanda ya amsa laifinsa da bakinsa, cikin hankalinsa, ya kuma fahimci tuhumar da aka karanta masa, da wuya ya dawo ya yi musun na farko. Amma awon hukunci aikin alƙali ne, kuma alƙali ɗan Adam ne, mudunsa kan zarce. A nan ake ɗaukaka ƙara.

An ga haka a Kano. A watan Afrilu na 2022 Mubarak Bala ya amsa tuhumar da aka yi masa a Babbar Kotun Jiha kan rubuce-rubucensa na Facebook da suka taɓa addini, aka yanke masa shekara 24. Lauyoyinsa suka tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara, a watan Mayu na 2024 ta ce hukuncin ya yi yawa, ta mayar da shi shekara 5. Ba abin da ya rubuta ne darasinmu ba, kowa ya san yadda mutanen Kano suka ji da shi. Darasin shi ne, ƙofar da ya bi a buɗe take ga yaron da aka ɗaure kan buhun masara.

To, amma kotun sama ba ta rage ɗauri don kukan uwa. Hujja take so. Shin alƙali ya wuce iyakar da doka ta yanka wa laifin? Ya kula cewa wannan ne karon farko? An ba mai laifin dama ya roƙi sassauci kafin hukunci? An duba ƙuruciyarsa, da watannin da ya riga ya yi a tsare, da cewa ya mayar da kayan, ya kuma hutar da kotu wahalar kiran shaidu? Duk wanda aka tsallake a cikin waɗannan, lauya zai iya kafa ƙara a kansa.

Abin da ya fi cutar mutanenmu shi ne jinkiri. Daga kotun majistare zuwa Babbar Kotun Jiha kwana 30 ne, daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kwana 90. Sai a ɓata su wajen bin gidajen masu faɗa a ji, alhali ba dagaci ba hakimi da ke da ikon taɓa hukuncin da aka riga aka rubuta. Idan wa'adi ya wuce ana iya roƙon ƙarin lokaci, sai dai dole a kawo dalili mai ƙarfi.

Saboda haka, ranar da aka yanke hukunci, wani daga cikin dangi ya je wurin rajistaran kotu ya nemi kwafin shari'a, ya karɓi rasit na duk abin da ya biya. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nufi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa da ke Kano, wadda aka kafa tun 1976 domin marasa hali. Shi ma ɗaurarren yana iya sa hannu a takardar ɗaukaka ƙara daga cikin gidan yari, ta hannun jami'an gidan.