Saniyar Tatsa a Turken Ƙaramin Manomi: Nazarin Lissafin Abincin Rani a Ƙasar Ɓaɓura

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazarin riƙon saniyar tatsa guda ɗaya a gidan ƙaramin manomi a ƙasar Ɓaɓura da maƙwabtanta, wato Kazaure da Roni da Gwiwa, a arewa maso yammacin Jihar Jigawa. Manufarta ita ce fito da abin da ke tabbatar da ɗorewar irin wannan kiwo ko rushewarsa. An ɗora nazarin a kan ma'aunin ci da sha na saniya wanda masana kiwo suke aiki da shi, aka auna shi da tsawon rani da kuma abin da gonar manomi take bari bayan girbi. Takardar ta gano cewa tanadin abincin rani shi ne ginshiƙin wannan kiwo, kuma a lokacin kaka ake yanke hukuncin nonon da za a tatsa da bazara. Haka nan ta gano cewa ran maraƙi da tsabtar nono su ne sharuɗɗa biyu da suke biye.

Fitilun Kalmomi: saniyar tatsa, kiwon turke, harawa, nono, Ɓaɓura

1.0 Gabatarwa

Nono yana cikin abincin da Bahaushe ya daɗe da sabawa da shi, amma ba kasafai yake tatsar sa da hannunsa ba. Tsarin da aka gada shi ne manomi ya noma gero, makiyayi ya kiwata shanu, su haɗu a ƙwaryar fura. Manomin da Allah ya hore wa saniya yakan miƙa ta riƙo ga Bafulatani, ya bar masa nonon a matsayin ladan kiwo, shi kuma ya tsira da 'ya'yan da ta haifa. Abin da aka saba gani a turken gida shi ne shanun huɗa da san da ake kiwatawa don kasuwa da ragon layya.

Wannan tsari yana sauyawa. Gonaki sun ci makiyaya da burtali da yawa, satar shanu ta sa masu dukiya ɗari-ɗari da tura dabbobinsu daji, farashin madarar gari kuma ya fi ƙarfin talaka. A matakin ƙasa ma an waiwayi lamarin, domin a shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwon dabbobi. Tambayar da take gaban magidanci mai gona ɗaya ko biyu ita ce: shin zai iya turke saniya a gida, ta shayar da iyalinsa, ba tare da ta cinye masa rumbu ba? Amsa wannan tambaya shi ne aikin wannan takarda.

2.0 Ƙasar Ɓaɓura da Yanayinta

Ɓaɓura ƙaramar hukuma ce a Jihar Jigawa, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Kano a shekarar 1991. Tana iyaka da Jamhuriyar Nijar daga arewa, kuma tana ƙarƙashin masarautar Ringim, yayin da Kazaure da Roni da Gwiwa suke ƙarƙashin masarautar Kazaure. Mafi yawan ƙasar rairayi ce, irin wadda ake kira jigawa, mai saurin tsotse ruwa da saurin gajiya. Damina takan kama daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, sauran watannin shekara kuwa rani ne. Ana noma gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi, kuma yankin yana kusa da manyan kasuwannin dabbobi biyu, ta Ɗambatta a Jihar Kano da ta Maigatari a bakin iyaka.

Kiwon turke ba baƙo ba ne a nan. Mata sun daɗe suna riƙe awaki da tumaki a cikin gida, kuma a zamanin mulkin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar (2015 zuwa 2023), wanda ɗan asalin Ɓaɓura ne, an gudanar da shirin raba wa mata awaki domin dogaro da kai. Sai dai nauyin saniya ya sha bamban da na akuya. Akuya takan rayu da dusa da ɓawon wake da abin da ta tsinta a bayan gari. Saniya mai shayarwa kuwa tana buƙatar lissafi.

3.0 Zaɓen Saniya

Shanun da aka fi samu a kasuwannin yankin su ne Bunaji, wato farar saniya, da Rahaji, wato ja mai dogon ƙaho, da Bokolo ta ƙasar Sakkwato, sai kuma Azawak da ke shigowa daga Nijar. Rahaji dabbar tafiya ce, ba ta cika son ɗauri ba. Bunaji da Bokolo da Azawak sun fi haƙurin turke, kuma an san Azawak da yawan nono a cikin shanun Sahel. A kiwon gargajiya, abin da ake tatsa daga saniyar gida bai cika wuce lita 1 zuwa 2 a rana ba, bayan abin da maraƙi ya sha. Idan ta sami ci da sha yadda ya kamata, adadin yakan ƙaru sosai.

Akwai kuma shanun da aka haɗa irinsu da na Turai, aikin da Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, Zariya, ta daɗe tana yi. Waɗannan sun fi ba da nono nesa ba kusa ba, amma sun fi ci, sun fi sha, kuma zafi da kaska sun fi kayar da su. Manomin da bai riga ya ƙware da ciyar da Bunaji ba, sayen irin waɗannan kasada ce da jarinsa. Da rarrafe yaro kan tashi. Abin da ya fi dacewa da mai farawa shi ne saniyar gida da ta yi haihuwa ɗaya ko biyu, mai lafiyayyar hantsa, wadda aka ga an tatse ta kafin a biya kuɗi.

4.0 Lissafin Abincin Rani

Saniya mai nauyin kilo 250 tana buƙatar busasshen abinci kimanin kilo 6 a kowace rana. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Yuni, lokacin da sabuwar ciyawa take kankama, akwai kwana kusan 240. Ke nan sai an tanadi kimanin kilo 1,500 na kara da harawa da ciyawa kafin saniya ɗaya ta ƙetare rani, ban da rabon maraƙinta. Wannan shi ne adadin da ya kamata manomi ya auna gonarsa da shi kafin ya nufi kasuwar shanu.

Yawa kaɗai ba ya isa, domin abincin ba darajarsa ɗaya ba. Karan gero da na dawa suna cika ciki, amma sinadarin gina jiki da ke cikinsu kaɗan ne, saniyar da aka bari da su kawai takan rame, nononta ya ƙafe. Harawar wake da ta gyaɗa su ne masu gina jiki. Dusa da ƙowa da anguryar auduga da ƙuliƙuli ƙari ne da ake bayarwa lokacin tatsa. Kanwa da gishiri suna buɗe mata ci. Itacen gawo ma yana da muhimmanci a wannan lissafi, domin shi yakan zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, ya zubo 'ya'ya a daidai lokacin da dabba ta fi buƙata.

Matsalar ita ce harawa tana da masu neman ta da yawa a gida ɗaya. Shanun huɗa suna jiran ta domin su yi ƙarfi kafin shuka, ragon layya yana jiran ta, ga kuma 'yan kasuwa da ke zuwa saye da kaka, lokacin da manomi yake cikin buƙatar kuɗi. Wanda ya sayar da harawarsa da araha a Nuwamba, shi ne zai saye ta da tsada a Afrilu da Mayu. A waɗannan watanni na bazara ne saniya takan faɗi ta kasa tashi, mai ita ya kira mahauci ya sayar da ita a wulaƙance. Asarar da ake gani da bazara, tun da kaka aka ƙulla ta.

Akwai dabarun da suke rage wannan giɓi. Na farko, a yanke harawa tun ganyenta bai kakkaɓe ba, a shanya ta, a ɗaure, a adana a inuwa nesa da gara. Na biyu, a yanki ciyawar damina irin su kyasuwa da gamba tun suna ɗanye, a busar. Na uku, a riƙa sassara kara ƙanana kafin a zuba, domin saniya takan tattake dogon kara ta bar shi. Na huɗu, malaman gona suna koyar da jiƙa kilo 100 na sassararren kara da ruwan da aka narkar da kilo 4 na takin yuriya a ciki, a rufe shi ruf na tsawon mako 3, wanda hakan yake sa ya yi laushi ya ƙara amfani. Wannan dabara tana buƙatar jagorancin masani, domin yuriya guba ce idan dabba ta ci ta kai tsaye.

Ruwa shi ne rabin lissafin. Saniya mai shayarwa takan sha lita 30 zuwa 40 a rana idan zafi ya tsananta, wato fiye da jarka ɗaya mai lita 25. Gidan da yake nesa da rijiya ko famfon burtsatse dole ya san wanda zai ɗauki wannan aiki kullum, kada ya faɗa kan yaran da ya kamata su kasance a makaranta.

5.0 Maraƙi da Haihuwa

Shanun gida masu tozo ba su cika sakin nono ba sai maraƙi ya fara tsotsa. Saboda haka mutuwar maraƙi asara biyu ce: an rasa ɗan, kuma sau da yawa nonon yakan ɗauke. Wajibi ne a bar maraƙi ya sha daƙashi a sa'o'in farko na haihuwa, domin a cikinsa yake samun kariya daga cututtuka. Bayan haka a riƙa bar masa rabonsa a kowace tatsa. Kwaɗayin cika ƙwarya a watannin farko shi ne ke haifar da tsumburarren maraƙi.

Saniya tana ɗaukar ciki wata 9 da 'yan kwanaki, kuma takan nemi barbara kusan duk bayan kwana 21 idan ba ta da ciki. A garke, bijimi yana nan kullum. A turke kuwa sai mai ita ya lura da alamu, kamar yawan kuka da rashin natsuwa, ya kai ta wurin bijimi a ranar. Ramammiyar saniya takan daɗe ba ta nema ba, shi ya sa tazarar haihuwa take kaiwa shekara biyu a inda abinci ya yi ƙaranci. Wannan ma ya sake mayar da magana kan tanadin rani.

6.0 Lafiyar Saniya da Tsabtar Nono

An kawar da cutar bushiya daga duniya, kamar yadda aka sanar a shekarar 2011, amma ciwon huhu da ciwon baki da kofato da harbin daji da ciwon hanta suna nan. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana samar da alluran rigakafin wasu daga cikinsu, kuma rigakafi ya fi magani. Ciwon hantsa yakan samo asali daga ƙazamin turke da hannun da ba a wanke ba.

Akwai cututtukan da suke ratsawa daga nono zuwa mutum, musamman bakkale, mai sa saniya ɓari, da kuma tarin fuka. Tafasa madara kafin a sha ko a kwantar da ita ta zama kindirmo yana kashe ƙwayoyinsu. Haka nan saniyar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta, ba a shan nononta sai kwanakin da likitan dabbobi ya ƙayyade sun cika. Saniyar da aka turke domin lafiyar yara bai kamata ta zama hanyar cutarsu ba.

7.0 Amfanin da Gida Yake Samu

Hausawa suna cewa nagge daɗi goma. A gidan ƙaramin manomi, uku daga ciki sun fi fitowa fili. Na farko shi ne nono: lita 2 a rana ta isa a dama wa yara fura da kunu, a kaɗa man shanu, wani lokaci har uwargida ta sayar da ragowar. Na biyu shi ne taki. Saniyar da take kwana a turke takan tara kusan tan ɗaya na busasshen kashi a shekara, wanda idan aka kwashe shi zuwa gona kafin shuka yakan taimaki jigawa ta riƙe laima, ya rage kuɗin takin zamani. Ta haka karan da gona ta bayar yake komawa gare ta. Na uku shi ne maraƙi, wanda yake zama asusun gida ko san huɗa na gaba.

Ya kamata a daidaita tun farko a kan wanda yake da nono da kuɗinsa. A al'adar Fulani, nono hakkin mace ne. Gidan da ya ɗora wa uwargida shara da ban ruwa da tatsa, sannan ya hana ta cin moriyar nonon, da wuya kiwonsa ya yi albarka.

8.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa riƙon saniyar tatsa ɗaya abu ne mai yiwuwa ga ƙaramin manomi a ƙasar Ɓaɓura, bisa sharaɗin ya iya tara kimanin kilo 1,500 na abincin rani mai haɗe da harawa, ya sami ruwa kusa, ya raya maraƙi, ya kuma tafasa nono. Wanda gonarsa ba za ta ɗauki wannan nauyi ba, awaki sun fi masa rufin asiri. Ana ba hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha da masu shirye-shiryen tallafi shawarar su fara da koyar da adana harawa da samar da irin wake mai yawan ganye kafin rabon shanu. Haka nan akwai buƙatar masu bincike su auna ainihin abin da kadada ɗaya take bayarwa na kara da harawa a Ɓaɓura da Kazaure da Roni da Gwiwa, domin manomi ya san girman gonar da za ta riƙe masa saniya kafin ya kafa turke.