Yadda A Ke Yi Wa Siffa Kari A Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa wanka da sabon sabulu ya san yadda ya ke. Ran farko yana da kusurwa takwas da gefe goma sha biyu masu kaifi. Bayan kwana bakwai kuwa ruwa ya cinye su, ya zama sumul kamar ƙwai. To, irin wannan aiki ne kwamfuta kan yi wa siffa, amma da lissafi.

A shekarar 1978 waɗansu Amurkawa biyu, Edwin Catmull da Jim Clark, suka fito da wata dabara. A kan zana siffa da fuskoki kaɗan, kamar akwati mai fuska 6. Sai kwamfuta ta raba kowace fuska gida huɗu, ta kuma jawo kowane ɗigo wajen maƙwabtansa. Rabo na fari fuskoki su zama 24, na biyu 96, na uku 384. Kafin a je ko'ina akwati ya kusa zama ƙwallo.

Wannan yana da kyau in kan mutum a ke zanawa, ko tulu. Amma in tebur ne fa, ko bakin wuƙa? Nan ne a ke bukatar kari, watau irin layin nan da guga kan bari a wando. In aka sa wa gefe kari, sai sabon ɗigo ya faɗa daidai tsakiyar gefen, ba ruwansa da fuskokin da ke dama da hagu. In kari uku ko fi suka gamu a kusurwa guda, kusurwar ba ta motsawa ko kaɗan.

Sai dai ku dubi teburin da ke gabanku. Gefensa ba shi da kaifin aska, kafinta ya ɗan goge shi, shi ya sa haske ke sheƙi a wurin. Siffa mai kari tsantsa ido kan gane nan da nan ba ta gaske ba ce. Mutanen Pixar, masu yin sinima ta zane, sun gamu da wannan wahala sa'ad da su ke shirya Geri's Game a 1997, labarin wani tsoho mai yin dara shi kaɗai. A 1998 Tony DeRose da abokansa biyu suka bayyana maganin da suka samo. Ga shi: a ba kowane gefe lamba. In lambar 2 ce, sai a bi ƙa'idar kaifi a rabo biyu na fari, daga nan a saki gefen ya lanƙwasa kamar sauran. Kowane rabo yana rage ɗaya. In kuwa 1.5 ce, a rabo na biyu sai a gauraya ƙa'idodin biyu rabi da rabi. Watau lambar kari ƙidayar rabo ce, ba wani abu ba. Ku riƙe wannan.

A 2012 Pixar ta saki wannan aiki ga kowa da sunan OpenSubdiv. Blender kuma, manhajar nan ta kyauta wadda Ton Roosendaal na ƙasar Holan ya fara, ta ɗauke shi sosai a 2019. A 2022 aka ƙara ikon sa wa ɗigo guda kari, ba gefe kaɗai ba.

Yanzu ga inda masu koyo kan yi tuntuɓe. A Blender, in ka zaɓi gefe ka danna Shift da E, lambar tana tafiya daga 0 zuwa 1. Mutum sai ya zaci 0.5 rabin kaifi ne. A'a. Blender ta kan ninka lambar da kanta, sa'an nan sau goma. Saboda haka 0.5 ta zama 2.5, 0.3 ta zama 0.9, 0.1 kuwa tana nan 0.1, kamar ba a yi kome ba. In rabo biyu kaɗai ka yi, 0.5 da 1 kusan ɗaya su ke a ido. Aikin duka yana tsakanin 0.2 da 0.5. Ni kaina na ɓata yini guda ina zargin na'ura kafin in gane wannan.

Waɗansu sun fi son su jera ƙarin layuka kusa da gefe don su riƙe shi. Hanya ce mai kyau, musamman in za a kai siffar wata manhaja wadda ba ta san kari ba. Amma tana cika siffa da layuka, gyara kuma ya yi wuya.

Malamin da ba shi da kwamfuta a aji zai iya nuna abin a allo, da dabarar da George Chaikin ya fito da ita a 1974. Zana murabba'i. A kowane gefe sa alama a rubu'i da rubu'i uku, ka haɗa alamomin, ka share kusurwoyi. Yi haka sau uku, yara su ga da'ira ta kusa fitowa. Sa'an nan ka sake daga fari, amma ka bar kusurwa ɗaya ba ka yanke ba sai a zagaye na uku, ka tambaye su wace lamba za su ba ta.