A Rubuta Amana Tun Mai Ita Na Da Rai

Duk wanda Allah Ya ɗora wa nauyin rabon gado a unguwa irin Makera, kamar yadda Ya ɗora mini tun ina zama gefen malamina ina riƙe masa tawada har aikin ya dawo hannuna, ya san cewa lissafin tumuni da sudusi shi ne mafi sauƙin al'amarin, domin Suratun Nisa'i ta yanke shi, Risala da Mukhtasar kuma sun warware abin da ya saura. Inda gumi yake shi ne gano abin da mamaci ya mallaka, da abin da yake bin mutane, da abin da ake binsa, da kuma abin da aka ba shi ajiya, musamman idan mamacin na cikin dattawan nan masu ƙaramar sana'a da suka yi shekara hamsin ko sittin unguwa na jingine da su.

Kudancin kogin Kaduna, inda Makera take, ya cika ne da baƙi. Jirgin ƙasa ya fara kawo su, sa'an nan masaƙu suka biyo baya: Kaduna Textiles a Kakuri cikin 1957, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, sai Nortex, da UNTL a 1964, da Arewa Textiles, kana kamfanin Peugeot a 1975. A bayan dubban ma'aikatan nan kuwa wata rundunar ta tashi wadda ba ta cikin rajistar kowa, wato masu tuwo da masu shayi da teloli da masu teburi, waɗanda cinikinsu duka bashi ne sai albashi ya fito, shaidarsa kuwa sanin juna da jin kunya.

Wata baiwar Allah da aka kira ni rabon gadonta, wadda manya da yara ke kira Inna, tana cikin wannan rundunar. Ta zo Makera tana amarya, mijinta na aikin masaƙa, ta fara da tukunya ɗaya ta shinkafa da wake ga masu fitowa daga aikin dare, har ta kai tana da 'yan aiki, ta sayi fili, ta gina ɗakunan haya, ta sauke farali. Ita ce uwar adashin layinsu, ita ake tasa cikin dare idan naƙuda ta zo da gardama, ita ke wankan gawar mata ba tare da karɓar ko sisi ba, ban da 'ya'yan cikinta kuma ta riƙe marayu ta aurar da su daga ɗakinta. Da masaƙu suka fara durƙushewa, Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, masu cin tuwonta da dama suka koma garuruwansu da bashinta a wuyansu, ba a taɓa jin ta aika wa ko ɗaya ba. Ta rasu ta haura casa'in, jama'ar da ta yi mata salla kuwa sai da ta toshe hanya.

Bayan an share makoki aka buɗe adakarta a gabana. A ƙarƙashin zannuwa muka tarar da gwangwanin madara, cikinsa ƙulle-ƙullen kuɗi, kowane ƙulli a tsumma daban, wannan an ɗaure shi da jan zare, wancan da baƙi, wani ma har da tsofaffin takardun Naira da aka daina karɓa, babu suna ko guda. Babbar 'yarta ta dube ni da hawaye ta ce, "Allah gafarta Malam, wallahi Inna ba ta taɓa gaya mana ba, kullum cewa take na mutane ne." Lalle ta san mai kowane zare, amma sanin ya bi ta kabari. Muka sa aka yi shela a masallatai bayan sallar Juma'a, masu da'awa suka zo, wasu da gaskiyarsu a fuska ba su da shaida, wasu kuwa Allah kaɗai Ya san zuciyarsu. Sai da aka yi watanni ana neman shaidu ana rantsarwa, magada na jira, zumuncin da marigayiya ta kashe ƙuruciyarta tana ɗinkawa yana neman yagewa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sha'anin wata yarinya da ta riƙa tun tana goye, wadda ta yi jinyarta har ƙarshe. Kowa a gidan ya sha jin Inna na cewa ɗakin ƙofar gida na yarinyar ne, amma ba ta rubuta ba, ba ta kira shaidu ta damƙa mata shi ba. A mazhabar Malikiyya kuwa, kyautar da ba a karɓa aka riƙe ba har mai bayarwa ya rasu ta ɓaci, ta koma cikin tarika, ɗan riƙo kuma ba ya gado. Haka ma jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa, muddin akwai baffanninsa maza, an katange shi. Shari'a ta bar wa irin waɗannan ƙofa, wato wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya, ba a kuma yin ta ga magaji sai da yardar sauran, ana fitar da ita bayan kuɗin jana'iza da biyan bashi, kafin a taɓa rabon kowa. Magadan Inna, Allah Ya yi musu albarka, sun bar wa yarinyar ɗakin da ransu ɗaya. Amma na ga gidajen da aka fitar da kayan maraya tsakar gida tun ba a yi sadakar arba'in ba.

Na san abin da ke hana 'ya'ya magana. Ɗa na gudun ya ce wa mahaifiyarsa a rubuta dukiya, kada a ce yana ƙirga mata kwana. To, Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, saboda haka wanda ya tunatar da iyayensa wannan ya yi musu birru ne. Idan nauyin baki ya hana, a nemi limamin unguwa ko wani aminin tsohon, ya fara da tambayar amanar mutane da ke hannunsa, domin dattijon kirki ya fi tsoron haƙƙin wani fiye da asarar nasa, daga nan sauran zance zai buɗe da kansa. A rubuta da boko ko ajami, da cikakken sunan mai kuɗi da na mahaifinsa, ba laƙabin kasuwa kaɗai ba, a faɗi wanda aka yafe wa a fili, shaidu biyu adilai su sa hannu.

Tunda an zauna kuma, kada a tsaya ga kuɗi. A kunna waya a tambayi tsohuwa shekarar da ta zo Kaduna, da nawa ake sayar da kwanon tuwo lokacin sule da fam kafin Naira ta shigo a 1973, da waɗanda ta karɓi haihuwarsu, da maƙwabtan da rikicin Kaduna na shekarar 2000 ya raba ta da su. Gidan Arewa da ke tsohon gidan Sardauna na adana takardun sarakuna da 'yan siyasa, amma labarin mai tuwon ƙofar masaƙa jikokinta ne kaɗai za su iya ɗauka. Takardar amana kuwa a yi ta biyu, ɗaya a gida, ɗaya wurin liman, a riƙa sabunta ta duk shekara bayan ƙaramar Salla.