Darasi: Katin Rigakafi Kafin Jakar Makaranta

'Yan'uwa mata, kafin mu buɗe akwatin adashi yau, kowacce ta tuna inda ta ajiye katin rigakafin yaronta. Ni dai nawa na taɓa samunsa a ƙasan adaka, gara ta ci rabinsa.

Allurar farko ana yin ta ne da haihuwa: ta tarin fuka, ta ciwon hanta, da ɗigon shan inna. Daga nan sai mako 6, wato jim kaɗan bayan gama arba'in, sai mako 10, sai mako 14. Cikin waɗannan ne ake ba da ta mashaƙo, cutar da ta addabi Kano a 2023. A wata 9 sai ta ƙyanda, shawara da sanƙarau, a maimaita ta ƙyanda a wata 15.

Waɗannan biyun na ƙarshe su muka fi tsallakewa. Yaro ya yi wayo, yana rarrafe, sai mu ce ai ya wuce. Bai wuce ba wallahi. Ranar da ya zauna a aji ɗaya da yara masu yawa, ko a islamiyya, yaro ɗaya mai ƙyanda ya isa ya shafa wa duk wanda ba a yi wa allura ba.

Allurar kyauta ce a asibitocin gwamnati na Gaya da Ajingi. Abin da ke hana mu zuwa kuɗin acaɓa ne. Shawarata, a fitar da shi daga asusun taimakon ƙungiya. Wadda yaronta ya tsallake wata allura, ta kai shi da katin. Ba sabon farawa za a yi ba, daga inda aka tsaya za a ci gaba.

Zama mai zuwa, kowacce ta zo da katinta mu duba tare.