Darasi: Mu Wasa Hankalin Tsofaffinmu

Darasinmu na wannan wata a kan tsofaffi ne da macuta.

A cikin Farawa sura 27 mun ga yadda aka ruɗi Ishaku sa'ad da ya tsufa, ba ya gani. Kunnensa bai cuce shi ba, gama ya yi shakkar muryar da ya ji. Amma bai dakata ba, bai kuwa kira wani ya duba masa ba. Hankali yana da shi. Abin da ya rasa shi ne jinkiri da mashaidi.

Yadda Muke a Jibiya

Garinmu a bakin iyaka yake, a kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi. Kuɗi iri biyu suke yawo a hannunmu, naira da sefa. A wajenmu jaka naira 200 ce, a Nijar kuwa jika sefa 1,000 ce, dala kuma sefa 5. Wanda lissafinsa ya yi sanyi, nan da nan za a cuce shi wajen canji. A 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sāke takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka yi wuya a farkon 2023, mutane da yawa suka koma biya ta waya. Macuci ma ya bi su can. Yakan kira ya ce daga banki yake, yana neman lambar sirri. Ko kuwa ya ce an tsare jikanka a hanya, a aiko kuɗi yanzu yanzu. Makaminsa biyu ne, tsoro da gaggawa.

Abin da Masana Suka Gani

Daga 1998 aka gwada tsofaffi wajen 2,800 a Amurka. Aka koya wa waɗansu tuna abu, waɗansu warware matsala, waɗansu saurin ganewa. Kowane rukuni ya ƙaru, amma yawancin ƙaruwar a cikin abin da ya koya ne. Ashe ba kowane wasa ne zai tsare mutum daga zamba ba. Sai mu zaɓi wanda ya yi kama da tarkon.

Wasanni Uku na Kowace Rana

1. Lissafin kasuwa. Bayan tuwon dare a tambayi Baba, “Dala 40 sefa nawa ce? Jaka 7 naira nawa ce?” Ya amsa da ka, shi ma ya tambayi yara.

2. Dara. Kafin tsoho ya ɗaga ɗansa, bari ya faɗa da baki abin da abokin wasansa yake so ya yi. Haka zai saba tambayar kansa, “Mutumin nan me yake nema a wurina?”

3. Wasan baƙo. Jika ya zama mai kiran waya, ya yi daɗin baki ko barazana. Kaka ta ci wasa idan ta ce, “Sai na yi shawara,” ta kashe wayar, sa'an nan ta kira ɗanta a lambar da ta sani. Wannan ya fi sauran amfani, gama shi ne ainihin abin da za ta yi ran da macuci ya kira.

Abu biyu kuma za mu riƙe. Banki ba ya roƙon lambar sirri ta waya. Mai gaskiya kuwa ba ya jin haushin jira, domin sannu ba ta hana zuwa.

In an riga an cuci wani tsoho, kada mu yi masa dariya ko faɗa. Kunya takan sa ya yi shiru, macucin kuma ya komo. Mu raka shi banki ran nan a rufe asusun, mu sanar da 'yan sanda.

Tambayoyi

1. Me Ishaku ya rasa?
2. Wane tsoho ne a unguwarmu ba shi da wanda zai yi shawara da shi?
3. Wa zai ziyarce shi a makon nan?