Yadda ake zaɓen kan tukunyar gas a Magarya da Dungas

Tun da matatar SORAZ ta fara aiki a arewacin Damagaram a ƙarshen 2011, tukunyar gas ta riƙa shiga gidaje har Magarya, Bande da Dungas, kuma duk gidan da ta shiga an sassauta wa gawo sara. Abin da ke damuna shi ne maigida ya zuba kuɗi a tukunya da risho, sannan ya sayi kai mafi araha a kasuwa, alhali kan ne ke tsakanin iyalinsa da gobara.

Aikin kan shi ne rage ƙarfin gas. Abin da ke cikin tukunya ruwa ne a matse, zafin bazara kuma ƙara masa ƙarfi yake. A cikin kan akwai faifan roba da sifirin, su ke buɗe ƙaramar kafa su rufe ta, har iskar ta isa risho a hankali. Irin wannan na'ura Emile Gagnan ya ƙera a Faransa don motoci masu aiki da gas lokacin yaƙin duniya na biyu, sai shi da Jacques Cousteau suka gyara ta a 1943 ta zama abin numfashin masu nutso a teku. Masu nutson ma kafin su sayi na'urar sai sun duba ko ta dace da bakin tukunyarsu.

Kai ma daga nan za ka fara. Ƙaramar tukunya mai kilo 6 da ake ɗaura wa murhu a ka ba ta buƙatar komai. Babbar ce ke da magana. Tukwanen Nijar na ɗauri ne, kuma zarensu na hagu ne, wato inda ka saba kwancewa nan ake ɗaurewa. Waɗanda ke shigowa daga Ɓaɓura ta Tinkim yawanci na dannawa ne. Na dannawa ya fi sauri, uwargida za ta cire shi da hannu ɗaya, amma faɗin bakinsa iri-iri ne, bambancin milimita ɗaya ya isa ya sa yoyo. Na ɗauri yana cin lokaci, zoben robarsa kuma yana tsufa, sai dai in ya zauna ya zauna. Kada ka yarda mai walda ya haɗa maka wannan da wancan.

Sai ka juya kan ka karanta lambar jikinsa. Rishon gida yana son miliba 28 zuwa 30. Akwai wani mai murfin murɗawa da ke sakin wuta mai ƙarfi. Wannan na masu tuyar ƙosai ne da masu dafa abincin biki a fili. A ɗakin girki harshensa yakan tashi daga murhu, ya mutu, gas ya ci gaba da fita.

Masu shago za su nuna maka mai agogo. Ni ban ga amfanin ƙarin kuɗin ba, domin allurar kusan ba ta motsi sai ruwan ya kusa ƙarewa. Ɗora tukunyar a sikeli, ka cire nauyinta da aka buga a jikinta, ka san abin da ya rage. Kuɗin nan gara ka sa shi a kan da ke datse gas da kansa in tiyo ya fashe, ko da zai sa ka danna maɓalli duk sanda ka canja tukunya.

In ka ɗaura, sa tiyon gas na ainihi, ba na ban ruwa ba, ka matse bakinsa biyu da zoben ƙarfe. Kaɗa ruwan sabulu ka shafa a kowace gaɓa, ka buɗe. Kumfa in ta kumbura tana girma, akwai yoyo: rufe, fitar da tukunyar waje. Don Allah kada a gwada da ashana.